Wai a Daura hali ake aura, a birni kuwa fuska?

Ɗan_Kusugu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. An ɗaura auren 'yar maƙwabcinmu a nan Daura, yarinyar da a gabana aka haife ta, na sha aiken ta sayo mini ƙosai. Da yamma aka turo hoton amarya a waya, wallahi sai da na tambayi maiɗakina ko wani bikin aka yi a unguwar ban sani ba. Takanas ta Kano aka ɗauko mai kwalliya, kuma daga Kanon, ta yi kusan awa uku tana shafe-shafe. Kakar yarinyar, tsohuwa mai ran ƙarfe, ta dogara sandarta ta shiga ɗaki, ta dudduba 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, ta ce "to ina amaryar take?" Alhali ga ta nan zaune a gabanta. Aka yi ta dariya. Ni dai da aka ba ni labari ban yi ba.

Shekara tara na yi a Abuja kafin in tattara nawa ya nawa in dawo gida. A can ba wanda ya san uban wani, don haka fuskarka da suturarka da motarka su ne shaidarka. Nan kuwa kafin a ga fuskar yarinya an san gidan da ta fito, an san yadda uwarta ta zauna da kishiya, an san ko tana gaida mutane. Shi ya sa nake cewa a ƙaramin gari hali ake aura, a birni fuska. To ga shi yanzu birnin ya biyo mu har cikin ɗakin kakanninmu. Ko dai ni ne na tsufa?

Bakatsine87: Wa alaikumus salam. Yaya, tun ba a yi nisa ba, wane gari ka kira ƙarami? Daura ta Abdu tushen Hausa? Ka bari 'yan fada su ji ka.

Ɗan_Kusugu: Ai ni ma Badauri ne, kuma ban ce ƙauye ba. Tarihi daban, faɗin gari daban. Garin da in ka hau ɗan acaɓa daga wannan baki, kafin ka cinye ƙullin gyaɗa ka isa wancan.

Maman_Khalifa: Ɗan_Kusugu, da girmanka, amma wannan magana ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ku maza bakinku na cewa hali, idonku na can wani wuri. Ƙannena uku maza, duk ni Hajiyarmu ta ɗora wa nauyin duba musu mata. Duk wanda na ce wa ga 'yar gidan wane, mai hankali, mai ladabi, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne "Yaya, fara ce?" Na biyu, "turo mini hotonta." Ko ɗayansu bai taɓa fara tambayata ko ta yi sauka ba. Kuma a Ƙofar Ƙaura aka yanke musu cibiya, ba a Maitama ba. Wa ya ƙago "farar mace alkyabbar mata"? Tun ba a san za a gina wani birni a can ba ake faɗin ta. Abujar da sai a 1991 gwamnati ta tare a cikinta.

Yaro_Da_Gari: Maman Khalifa ta fasa ƙwai, kowa ya toshe hanci.

Baƙar_Zinariya: Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau an sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Ni baƙa ce, baƙa wuluk kuwa, kuma garin da na tashi bai kai rabin Daura ba. Yayata fara ce, ta ɗauko Innarmu, ni na ɗauko Baba. In baƙi suka zo gida sai a dube ta a ce "kai, tubarkalla, wannan akwai kyau." In aka juyo kaina sai a ɗan yi jim, sannan a ce "ita kuma wannan ga hankali." Tun ina 'yar shekara tara na gane hankalin nan ba yabo ba ne, lallashi ne. Wata gwaggona ta taɓa kama haɓata tana juya fuskata hagu da dama kamar mai taya akuya a kasuwar Mai'adua, ta ce "ke dai ki dage da hali, tunda..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba.

Ranar farko da aka ce mini ina da kyau ba da zolaya ba, a Kano ne, ina aji biyu a jami'a. Wata mai ɗinki ce ma. Ta ɗora mini yadi ja a kafaɗa ta ja baya tana kallona, ta ce in daina ɓuya a cikin launin toka, fatata ja da ruwan ɗorawa take so. Na koma ɗaki na sha kuka. Don haka in ana cewa ƙaramin gari ba ya kallon fuska, ni dai ban san wannan garin ba.

Maman_Khalifa: Allah sarki ƙanwata. Kin ji irin ta, Ɗan_Kusugu.

Malam_Na_Gobarau: Allah ya saka wa kowa da alheri. Kada dai mu mai da abin kamar kyau laifi ne. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa abu huɗu da ake auren mace dominsu: dukiya, asali, kyau da addini, sannan aka ce a fifita addini. Ba a ce a zubar da sauran ukun ba. Kuma da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi ya je ya dube ta, don hakan ya fi sa zama ya ɗore. Inda gizo ke saƙa shi ne a nuna maka abin da ba shi ke nan ba. Me dubawar za ta amfana in fuskar da ka duba ta cikin kwalba ce, ko ta cikin waya? 'Yata Baƙar_Zinariya, ki yafe wa gwaggonki. Allah ba surorinmu yake dubawa ba, zukata da ayyuka yake dubawa, wannan ma yana cikin Muslim.

Baƙar_Zinariya: Allah ya gafarta Malam, na yafe mata tuni, ta ma rasu. Mantawa ce ta gagara.

Nas_Ƙofar_Sauri: Tunda Malam ya ambaci kwalba, bari in shigo. Kwalliyar biki ba ta dame ni ba, ruwa da sabulu sun ishe ta. Abin da ke tayar mini da hankali man bilicin ne. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, da ganin hannun mace nake ganewa: fuska fara sol, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore shar sun fito a damtse. Mafi yawan haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna, ko dai akwai sinadarin haidirokwinon a ciki, ko na sitiroyid, ko na makuri. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri kamar ledar biredi, in aka yi wa mace tiyatar haihuwa ana ɗinki fatar na yagewa, ciwo ya ƙi warkewa. Makuri kuwa ƙoda yake bi. Haidirokwinon in an daɗe a kansa sai ya juya, kumatu su yi baƙi-baƙi kamar an ƙona, kuma wannan tabon da wuya ya goge.

Kada wani ya ce mini abin 'yan birni ne. Daga ƙauyuka ake kawo mana su, wata ma ba ta da takalmin kirki amma tana da robar mai a jaka. Abin da ya fi ci mini rai, uwa ta haɗa wa jaririnta, wai kada dangin miji su ce bai yi kyau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafawa, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Ɗalibin_Lissafi: Anti Nas, duk abin da kika faɗa na yarda, sai dai lambar nan a riƙa yi mata uzuri. Asalinta wani bincike ne da aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas, ba ƙasa baki ɗaya aka ƙirga ba. In da gaske mace takwas cikin goma ke shafawa, da a gidanmu kaɗai an samu shida.

Nas_Ƙofar_Sauri: Na karɓi gyara, ƙanena. Amma ka je ka duba saman durowar gidan naku tukuna.

Direban_Kano_Daura: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara goma sha bakwai ina kan hanyar nan, kuma madubin mota ba ya ƙarya. In na ɗebi fasinja a tashar Daura kowa salihi ne. Gaisuwa har ƙasa, carbi a hannu, ido a ƙasa. Da mun wuce Kazaure sai ka ga an fara buɗe jaka. Kafin Dambatta hijabi ya koma mayafi, an shafa jan baki. Mazan ma haka, kada su ce na ƙyale su: wanda a gida ba ya iya ɗaga ido ya dubi mace, shi ne zai juya baya yana neman lambar waya. In za mu dawo kuma, a daidai wurin ake mayar da komai. To ni tambayata ga Alhaji mai tambaya, wanne ne halin? Na kafin Kazaure ko na bayanta?

Bakatsine87: Direba ya gama magana. A rufe zaure.

Ɗan_Kusugu: Ba a rufe ba. Direba, na ji ka, amma ai tsoron idon mutane ma wani abu ne. Katsinawa da kansu ana musu kirari da kunya gare ku ba dai tsoro ba. Yaron da ya bar ɓarna don kada a gaya wa babansa, a hankali barin ya zame masa jiki. Wanda ba mai ganinsa fa, me zai tsare shi?

Uwar_Biyu_Kubwa: Abin da zai tsare shi shi ne halin da kake magana a kai, Yaya. Ni 'yar Katsina ce, Rafin Daɗi, aure ya kai ni Abuja. Ranar da naƙudar tagwayena ta tashi, ƙarfe biyun dare, maigidan yana Legas. Ba uwa ba uba, ba dangin iya ba na baba. Maƙwabciyata, wata Inyamura da ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana, ita ta jiyo nishina ta bango. Da zanen barci ta fito, ta tuƙa ni asibiti, ta biya kuɗin kati, ta zauna har gari ya waye. Ba ta san gidanmu ba, ba wanda zai yabe ta a wurin suna, ba wanda zai zage ta in ta ja bargo ta yi barcinta. A gida in an yi maka alheri ba ka sanin don Allah ne ko don kada a ce. A nan kuwa ba "kada a ce" ɗin.

Ɗan_Kusugu: Allah ya saka mata. Amma ni ma ga nawa. A gidan hayar da na zauna a Lugbe, mutumin ɗakin da ke kallon nawa ya rasu a ciki. Kwana uku ba wanda ya sani, sai da wari ya fito. Ni da nake wucewa ta ƙofarsa safe da yamma ban ko san cikakken sunansa ba, kuma har yau abin na damuna. A unguwarmu in ba a gan ka a sallar asuba kwana biyu ba, kafin hantsi an yi sallama a ƙofar gidanka. Wannan ne ya dawo da ni gida, ba tsadar haya ba, ko da yake ita ma ta taimaka, ga kuɗin mota da ya ninka bayan cire tallafin mai a 2023.

Banufen_Bida: Ina ta karatu ina dariya. Bayina Katsinawa ana ta gardamar kyau, ku da sai kun zo Bida kuke ganin kyawawa.

Bakatsine87: Wa ya bar ƙofa a buɗe bawan nan ya shigo? Je ka ka ɗebo mana ruwa, manya na magana.

Tsohon_Hedimasta: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, jikata ce ke rubuta mini. Wanda ya ce kwalliya daga birni ta zo bai ga 'yan matan da ba. A zamaninmu budurwa sai ta ci goro ta goga fure har haƙoranta su yi ja, ta zizara tozali, a yi mata kitso a shafa shuni, a ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa ta kwana da shi. Wata tun tana jaririya wanzami ya yi mata zane a kumatu don ado. Ana yabon wushirya, da dogon wuya, da dara-daran idanu. Duk wannan ba kallon fuska ba ne? Bambancin kawai, kwalliyar da tana ƙara wa fuskar da ka sani ne, ba ta sauya maka ita.

Batun bincike kuwa, ba gidan yarinya ake zuwa ba, don ba mai cewa ɗansa mugu ne. Mai kitson unguwa ake tambaya, da mai kai tallan fura gidan, da matan da suke haɗuwa da uwarta a bakin rijiya. Su suka san wadda ke zagin ƙannenta da wadda ke tashi ta ba tsohuwa tabarma. Amma kada in yi muku ƙarya, an sha zaluntar yara da wannan binciken. Tsohuwa ɗaya mai ƙullin gaba da gidanku ta isa ta hana 'yarku aure shekara biyar.

Hajjo_Mai_Turare: Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta ƙarshe ita ce tawa. Aurena ya mutu ina da shekara ashirin da uku. Ba zan faɗi abin da ya faru ba, Allah ya sani. Amma kafin in gama idda gari ya gama yanke hukunci: ba ta da haƙuri. Shi ke nan, an buga mini hatimi. Duk wanda ya fito, sai a ja shi gefe a ce hali zanen dutse. Ba wanda ya taɓa zama da ni, amma kowa ya san halina. Shi kuwa mutumin, wata huɗu ya yi aka ba shi budurwa, ba wanda ya binciki nasa zanen.

Na dawo cikin Katsina wurin yayata, na kama sana'ar turaren wuta da humra. A nan ne na fara shiga kasuwa ba a nuna ni da baki. Ɗan_Kusugu, abin da kake kira sanin hali, wani lokacin tsegumi ne ya sa babbar riga.

Yaro_Da_Gari: To wai ita Katsinar birni ce ko ƙaramin gari? Don na ga Hajjo ta gudo cikinta, Uwar Biyu kuma ta fita daga cikinta.

Bakatsine87: Ya danganta da inda ka tsaya. Tun da aka ba mu jiha a 1987 garin ke faɗaɗa, ya tsallake ganuwa ta ko'ina. In kana sababbin unguwanni, maƙwabcinka ma sai a masallaci. Amma shiga cikin gari wajen Gobarau ko Ƙofar Soro ka yi tuntuɓe, kafin ka miƙe an gaya wa kakarka. In ka je Kano kuma ka ce daga birni kake, su yi maka dariya, ko da me ka zo an fi ka.

Na_Batsari: Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Ku da kuke zaɓe tsakanin gari da birni ku gode wa Allah. Mu ba mu zaɓa ba. Gonarmu na nan, gidanmu na nan, rumbu na nan in ba a ƙone shi ba, amma mu takwas muke cikin ɗaki biyu a bayan gari a Katsina saboda 'yan bindiga. Ku tambayi mutanen Jibiya da Safana da Ƙanƙara. Ku na ɓangaren Daura Allah ya rufa muku asiri, shi ya sa zaman gida ke muku daɗi. Kuma in hali kuke son gani, a nan na gan shi iri biyu: ɗan'uwan da muka yi shekaru muna aika masa gero da wake ya daina ɗaga wayata, wani mai shago da bai san ni ba ya ba ni bashin masara wata uku bai taɓa tare ni a hanya ba.

Malam_Na_Gobarau: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Uwar_Biyu_Kubwa: Amin ya Allah.

Direban_Kano_Daura: Amin. Gaskiyar Na_Batsari ce, mu nan sai godiya. Ranar 15 ga Yulin 2025 da aka yi jana'izar Buhari na ga Abuja ta taso kacokan ta zo Daura, jiniya ta ko'ina, ba wurin ajiye mota. Bayan 'yan kwanaki kowa ya kama gabansa, gari ya koma shiru, awaki suka dawo kan titi. Wallahi sai na ji na fi son shirun.

Maman_Khalifa: Mu koma kan maganarmu, don na ga mai tambaya yana neman sulalewa. Ɗan_Kusugu, tsakaninka da Allah, ranar da ka fara ganin maiɗakinka, halinta ka hango?

Ɗan_Kusugu: Hajiya, kin ƙure ni. A hawan Sallar Gani ne, tana tsaye da ƙawayenta kusa da ƙofar fada, wani doki ya yi turjiya suka watse suna dariya. Wushiryarta na gani. Sai da na bi ta a nesa har na ga gidan da ta shiga. Amma ai bayan nan Inna ta yi bincike wata biyu cur, kuma da ta ce a'a da na haƙura.

Baƙar_Zinariya: Yaya, to a cikin ƙawayen nan nata, wadda ba ta da wushiryar fa? Wa ya bi ta ya ga gidansu, balle a yi mata binciken?

Ɗalibin_Lissafi: Shiru kake ji.

Ɗan_Kusugu: Ina nan, an ɗauke wuta ne caji ya yi ƙasa. Ƙanwata, ba ni da amsar wannan yanzu. Amma har gobe ina kan bakana cewa amaryar nan ta fi kyau ranar da take kawo mini ƙosai.

Hajjo_Mai_Turare: Ita ka tambaye ta? Wataƙila ranar ce kaɗai a rayuwarta ta dubi madubi ta ji daɗi.

Maman_Khalifa: Ni dai Ɗan_Kusugu, in ka samu caji ka tambayar mini maiɗakinka lambar mai kwalliyar nan ta Kano, ka turo mini ta gefe. Bikin 'yar yayata saura sati biyar.

Ɗan_Kusugu: Innalillahi.

Direban_Kano_Daura: Hajiya in an daidaita ki yi mini magana, ni zan ɗauko ta. Kujerar gaba, ita da akwatin fentinta, kuɗin mutum biyu.